Kan da ya yi gadin gonar doya

Wajen shekarar 1943, wani akawu a wurin haƙar kuza a ƙasar Jama'a, kusa da Kafanchan, ya tsinci wani kan mutum na yumɓu da aka tono. Bai ga abin da zai yi da shi ba, sai ya kai gonarsa ta doya ya kafa a matsayin mutum-mutumi. Shekara guda kan nan yana shan rana da ruwa yana gadin gona.

Daga baya ne manajan wurin ya gan shi, ya kai shi Jos ya nuna wa Bernard Fagg, wani matashin jami'in mulki da ya karanci ilimin kayan tarihi. Da Fagg ya dube shi, sai ya tuna da wani ɗan gunkin yumɓu da aka tono a ƙauyen Nok na ƙasar Ham tun 1928. Nan ya gane cewa aikin al'umma ɗaya ne, ya kuma raɗa mata sunan ƙauyen. Bincike ya nuna irin waɗannan ayyuka sun haura shekara 2,000.

In ka ga hoton kan, ka dube shi da kyau. An huda ƙwayar ido da ƙofofin hanci, cikinsa kuwa rami ne, domin an gina shi hawa-hawa, yadda maginiya ke ɗaga tukunya. Wanda ya yi shi gwani ne na ƙarshe, amma ba wanda ya san sunansa.

Da duniya ta farga, sai wawaso ya tashi. A shekarun 1990 an yi ta tone gonaki ana kwashe kayan Nok zuwa Turai, manomin da ya tono a ba shi abin da bai taka kara ya karya ba, dillali ya kwashi riba. A 2000 har gidan tarihi na Louvre a Faransa ya baje wasu daga ciki, aka yi ta ce-ce-ku-ce, kafin Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ne.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne halin masu irin wannan aikin hannu da ke raye. Maginiya ta kwana uku tana gini da gashi, ta ɗauko tuluna a ka zuwa kasuwar Kafanchan, mai saye ya ƙwanƙwasa ya ji ƙara, ya taya rabin kuɗi. Ta ce albarka, ya juya baya, dole ta kira shi ta sallama. Matashin da ya koyi zane da sassaƙa kuwa ya tafi Kaduna da buri, ya ƙare a rubutun allon shago don ya biya kuɗin haya.

Mai karatu, in ka tsaya gaban ɗayansu, ka tambayi sunansa, ka biya kuɗin da ya yanka, ka kuma nuna wa wani hanyar rumfarsa.