Jan Ƙarfe a Jini da Ƙiba: Ina Gaskiya, Ina Ƙari?

Zance biyu ne ke yawo a wayoyin mutane a Sakkwato, kuma kowanne na ƙaryata ɗan'uwansa. Ɗaya ya ce yawan sinadarin jan ƙarfe a jini ne ke kawo ƙiba, don haka a ƙaurace wa hanta da gyaɗa. Ɗayan ya ce a sa awarwaron jan ƙarfe, ko a sha ruwan da ya kwana a kofin jan ƙarfe, teɓa ta narke.

Na farkon yana da ƙanshin gaskiya. Bincike da dama, har da babban awon lafiyar jama'a da aka yi a Amurka daga 2011 zuwa 2016, sun nuna cewa masu ƙiba sukan fi sauran mutane yawan jan ƙarfe a jini. Amma tafiya tare ba ta nuna wane ne ya jawo wane. Mafi yawan jan ƙarfen da ke cikin jini yana maƙale ne da wani furotin da hanta ke sarrafawa, kuma hanta kan ƙara fitar da shi duk lokacin da jiki ke fama da kumburi. Kitsen tumbi kuwa yana haddasa irin wannan kumburi a ɓoye. Ke nan yawan jan ƙarfen ya fi kama da hayaƙi, ba wutar ba, kodayake masana ba su rufe binciken ba. Mai juna biyu ma awonta kan hau, haka mai shan wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa.

Jiki ba ya rayuwa ba jan ƙarfe. Baligi na buƙatar kusan maikurogiram 900 a rana, ana kuma samunsa a wake, riɗi, gyaɗa da hanta. In ya yi ƙaranci, sai ƙarancin jini da mutuwar gaɓoɓi su biyo baya. Tsiren hanta ba shi da laifi ta wannan fuska. Man ƙuli da lemon kwalban da ke raka shi su ne abin tuhuma.

Zance na biyu kam ƙarya ce. Babu binciken da ya nuna awarwaro na rage nauyi. Ko ciwon gaɓoɓin da aka fi tallata shi a kai, gwajin Jami'ar York ta Ingila a 2013 bai ga amfaninsa ba. Kofin ma yana da haɗari: abu mai tsami irin zoɓo, kunun tsamiya ko hura da nono yakan zaizayo ƙarfen, a wayi gari da amai da murɗar ciki.

Akwai cutar da jan ƙarfe ke taruwa a hanta da ƙwaƙwalwa, cutar Wilson, amma ta gado ce, ba ta da yawa, kuma ba ruwanta da ƙiba. Wanda nauyinsa ya dame shi, in ya je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, likita zai fara ne da awon ƙugu, hawan jini da sukari.