Mutum-mutumin Nok: me ya sa har yau ba a gano sirrinsu ba?

Idan ka taɓa shiga gidan adana kayan tarihi na Jos, da wuya ka fito ba ka ga wasu kawunan yumɓu ba, masu idanu kamar alwatika da ƙaramin rami a tsakiyar kowane ido, ga kuma kitso iri-iri. Su ne mutum-mutumin Nok. Wasunsu sun haura shekara 2,500 a duniya, suna kuma cikin mafiya daɗewa a irinsu a duk Afirka kudu da Sahara.

Sunan ma aro ne. Nok ƙauye ne a ƙaramar hukumar Jaba ta jihar Kaduna, inda masu haƙar kuza suka ci karo da na farko a 1928. Wajen 1943 aka sake tono wani kai a yankin Jama'a. Wani ma'aikacin wurin haƙar ya tafi da shi gonarsa ta doya, ya kafa shi don ya tsorata masu ɓarna a gona, har labari ya kai kunnen wani Bature mai suna Bernard Fagg. Shi ne ya lura cewa wannan kan da na 1928 salonsu ɗaya, ya raɗa musu sunan ƙauyen. Mutanen da suka yi su ba su bar rubutu ba, saboda haka sunan da suke kiran kansu ya tafi tare da su.

To, ta yaya ake sanin shekarunsu? Duk abu mai rai yana ɗauke da wani nau'in sinadarin kabon da ake kira kabon-14. Da zarar ya mutu sai sinadarin ya fara raguwa, rabinsa na ɓacewa duk bayan shekara 5,730. In aka auna abin da ya rage, sai a san lokacin mutuwar. Amma yumɓu ai bai taɓa rai ba. Abin da ake aunawa shi ne gawayi ko ƙonannen ƙwayar hatsi da aka tarar kwance tare da mutum-mutumin. Ka riƙe wannan, domin a nan matsalar take: in aka ɗauke shi daga inda yake kwance, an raba shi da shaidunsa. Akwai wata hanyar ta auna yumɓun kansa, ta hasken da yake fitarwa idan aka sake zafafa shi, sai dai ƙiyasinta na da faɗi, kuma ba ta gaya maka komai game da wurin da abin ya fito.

Na farkon da aka samu duk a ramukan kuza ne, inda ruwa ya riga ya kwaso su daga wani wuri. Daga 2005, lokacin da masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus suka fara aiki tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya, aka riƙa tono wurare da dama a tsanake. Sakamakon ya tura tarihin baya sosai. Mutanen sun zauna a yankin tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mutum-mutumin kuma sun fara bayyana wajen 900, sannan komai ya ɗauke kusan farkon ƙarni na ɗaya.

Abincinsu ba zai zama maka baƙo ba: gero, wake da atili. A 2021 kuma masana daga Jami'ar Bristol ta Ingila suka binciki tsingaron tukwane sama da 450. Maiƙon abin da aka dafa yakan shige cikin ƙananan ƙofofin yumɓu ya zauna dubban shekaru. Cikin tukwanen da aka samu ragowar maiƙo, kusan ɗaya bisa uku na ɗauke da alamar kakin zuma. Wato shekara 3,500 da suka wuce ana ɗebo zuma a wannan yanki. A ganina wannan ya fi kowane kai mai kyau kusanto da mu da mutanen, don kuwa tukunyar girki ce ta ba da labarin.

Sun kuma iya narka tama. Fagg ya tono muraran narka ƙarfe a Taruga, kusa da Abuja ta yau, a shekarun 1960. Sai dai akwai wani cikas: tsakanin shekara 800 da 400 kafin haihuwar Annabi Isa, awon kabon-14 yakan ba da kusan amsa ɗaya ga abubuwan da ɗaruruwan shekaru suka raba. Farkon ƙirar Nok kuwa a daidai wannan tsakanin ya faɗo. Shi ya sa muhawarar ko an koyo fasahar daga arewa ne ko a nan aka ƙirƙiro ta ba ta ƙare ba.

Babbar tambayar dai ita ce, me aka yi su domin shi? Abin mamaki, kusan duk waɗanda masana suka tono a farfashe suke, an tara su an binne a ramuka, kuma da yawa kamar da gangan aka fasa su. Kusa da wasu ramukan an tarar da duwatsu a jere, da tukwane cikakku, wani lokaci da duwatsun wuya a shirye kamar yadda za su zauna a wuyan mutum. Wannan ya sa ake kyautata zaton kaburbura ne, mutum-mutumin kuma na da alaƙa da bikin mamata. Za ka ce to ina ƙasusuwan? Ƙasar yankin tana da tsami, ta cinye su tas. Babu ƙashi, babu damar gwajin ƙwayoyin halitta, don haka duk wanda ya ce maka kaza ƙabila ce jikokin Nok, zato yake yi.

Ƙasa ta ci nata, mutane kuma suka ci sauran. A shekarun 1990 haƙar sata ta yi ƙamari a yankin, saboda kasuwar da kayan suka yi a Turai da Amurka. Mai haƙar yana neman kai ne kawai. Gawayin, tsingaron, ƙwayar geron da jerin duwatsun duk sai ya watsar, alhali su ne amsar. Masanan Frankfurt sun tarar da mafi yawan wuraren da suka ziyarta an riga an birkice su. Ban ga laifin talakan da aka ba 'yan kuɗi ya yi haƙa kamar na mai saye ba, wanda ya san sarai doka ta hana fitar da kayan.

Har manyan gidajen tarihi abin ya shafa. A 2000 aka baje wasu mutum-mutumin Nok a gidan tarihi na Louvre da ke Paris, waɗanda Faransa ta saya daga wani dillali a Beljiyam. Bayan ce-ce-ku-ce, a 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Najeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25 da za a iya sabuntawa.