TANKAR YAƘI: DAGA GONA ZUWA FAGEN FAMA, DAGA FAGEN FAMA ZUWA SILIMA

Idan dare ya yi a ƙauye, sau da yawa samari sukan taru wurin mai telebijin, ko su kewaye wayar hannu guda, suna kallon fim na yaƙin Turawa. Sai a ga wata ƙatuwar motar ƙarfe ta fito daga cikin hayaƙi, tana rusa gini, tana aman wuta. Daga nan gardama ta tashi. Wani ya ce ƙarya ce, kwali ne aka shafa wa fenti. Wani ya rantse ya ce ta gaske ce. To, wa ya fi gaskiya? Kowanensu yana da rabonsa na gaskiya. Ga yadda abin yake.

Mece ce tankar yaƙi?

A zamanin da, barden da zai shiga yaƙi yakan sa sulke, a rufe dokinsa da lifidi don kada kibiya ta same shi. Tankar yaƙi ita ce dokin lifidi na zamani. Mota ce da aka rufe da ƙarfe mai kauri, aka ɗora mata babbar bindiga. Ba ta tafiya a kan taya. Sarƙa mai faɗi ce take zagaya ƙafafunta, dama da hagu. Sarƙar nan ita ke hana ta kafewa cikin laka ko rairayi. Faransawa suna kiran ta shar.

Asalinta daga gona yake

Manomi zai yi mamaki in ya ji cewa wurin noma aka samo dabarar sarƙar nan. A shekara ta 1904, wani Ba'amurke mai suna Benjamin Holt ya gwada tarakta mai sarƙa a jihar Kalifoniya, don gonakin wurin fadama ne, ƙafar tarakta tana nutsewa.

Shekara goma bayan haka, a 1914, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. A ƙasar Faransa sojoji suka haƙa ramuka masu tsawo, suka kewaye su da waya mai ƙaya. Duk wanda ya fito fili, bindiga mai ruwa ta kashe shi. Sai Ingilishi suka tuna da tarakta mai sarƙa. Suka ba wani kamfani na garin Linkon aikin ƙera mota mai sulke. Kamfanin nan kuwa, aikinsa na yau da kullum shi ne ƙera injinan noma. Aka gama ta gwaji a 1915.

Don kada ƴan leƙen asirin Jamus su gane, sai aka baza labari cewa tankunan ruwa ake ƙerawa. Sunan nan ya bi ta har yau.

Ranar 15 ga Satumba 1916 tanka ta fara shiga yaƙi, a yankin kogin Som na Faransa. Mutum 8 ke cikinta, ga zafi, ga hayaƙi, ga ƙara. Gudunta bai wuce kilomita 6 a awa ba, wato tafiyar mutum mai sauri. Da yawa sun lalace tun kafin su kai fagen fama. Bayan haka kamfanin Renault na Faransa ya ƙera wata ƙarama, wadda kanta yake juyawa ko'ina da bindigar. Surar nan ce tankoki suka gada.

Damisar Jamus

A Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, tankoki suka yi yawa. Amurka ta ƙera wadda ake kira Sherman, wajen 49,000. Rasha ta ƙera T-34, fiye da 50,000. Jamus kuwa ta ƙera wata mai ban tsoro da ake kira Tiger, sunan wata irin babbar damisa ta ƙasashen Asiya.

Nauyin Tiger ya fi tan 50, wato ya fi buhun hatsi 500 masu kilo ɗari ɗari. Kaurin ƙarfen gabanta santimita 10 ne, kamar faɗin tafin hannu. Mutum 5 ke aiki cikinta. Amma tana da ciwo biyu: tsada da shan mai. In an cika ta da mai fiye da lita 500, ba zai kai ta daga Maraɗi zuwa Damagaram ba. Saboda tsadarta, wajen 1,350 kawai aka ƙera.

Ina suka shiga bayan yaƙi?

Da yaƙi ya ƙare, ƙasashen Turai suna bukatar ƙarfe don sake gina garuruwa. Aka yanyanka tankoki dubbai, aka narke. Waɗansu aka sayar wa sojojin waɗansu ƙasashe. Waɗansu ma suka koma gona. Ingilishi sun ɗauki injina da sarƙoƙin Sherman, suka mai da su tarakta, suka kai Tanganyika, wadda take cikin Tanzaniya ta yau, don sassabe daji a shuka gyaɗa. Aikin bai yi albarka ba, don ruwan sama ya yi kaɗan, ƙasa kuma ta yi tauri. Aka watsar da shi a 1951.

Ƴan kaɗan da suka tsira suna gidajen adana kayan tarihi. Akwai babban gida irin wannan a Bobinton ta Ingila, mai motocin yaƙi wajen 300. Akwai wani a garin Somur na Faransa, mai ɗaruruwa. Akwai kuma masu kuɗi da suke sayen tsofaffin motocin soja, su gyara, su ajiye, su riƙa ba da haya.

Yadda masu fim ke samun kayan yaƙi

Mai shirya fim na yaƙin da ya wuce ba zai iya shiga kasuwa ya sayo tanka ba. Hanya uku gare shi.

Hanya ta farko ita ce aro daga sojojin wata ƙasa. Fim mai suna Patton, na 1970, a Sifen aka ɗauki mafi yawansa, da tankokin sojan ƙasar. Tankokin nan ƙirar Amurka ne, kuma bayan yaƙi aka ƙera su. Sai aka shafa musu fenti, aka zana musu alamar Jamus.

Hanya ta biyu ita ce sauya kama. A fim ɗin Kelly's Heroes na 1970, da Saving Private Ryan na 1998, Tiger ɗin da ake gani T-34 ce ta Rasha. Maƙera ne suka lulluɓe ta da falankin ƙarfe har ta ɗauki surar ta Jamus. A fim ɗin A Bridge Too Far na 1977, Sherman na gaske ba su isa ba. Sai aka yi gangar jiki marar nauyi, aka kifa a kan ƙananan motoci ƙirar Land Rover, aka jera su daga nesa.

Makiyayi yana gane saniyarsa ta wurin sawu ko da an sauya mata igiya. Haka masana suke gane tankar da aka sauya wa kama: ƙafa suke dubawa. T-34 tana da manyan ƙafafu 5 a kowane gefe, a jere ɗaya bayan ɗaya. Ƙafafun Tiger kuwa suna hawa kan juna, wata ta rufe rabin wata.

Hanya ta uku ita ce hayar ta gaske daga gidan tarihi ko daga mai ajiya. Ita ta fi wuya, don mai abu ba ya son a lalata masa.

Bayan tanka, akwai sauran kaya: kaki, takalma, hular kwano, kamiyo, rediyon soja. Akwai mutanen da sana'arsu ke nan, tara irin kayan nan da ba da haya. Bindigogin kuwa ana sa musu harsashi marar kai, mai ƙara da hayaƙi kawai, kuma wani gwani ke tsare da su, yana ƙirga su safe da yamma.

Labarin Tiger mai lamba 131

A watan Afrilu na 1943, ana yaƙi a ƙasar Tunisiya, arewa da hamada. Sojojin Ingila suka harbi wata Tiger mai lamba 131. Harsashi ya maƙale ƙarƙashin bindigarta, kanta ya kasa juyawa. Mutanen da ke ciki suka fita suka gudu, ba su ƙone ta ba. Ita ce ta farko da Ingilishi suka kama lafiyayya. Sarkin Ingila Joji na Shida da firaminista Winston Churchill duk sun je sun gan ta a birnin Tunis.

Aka kai ta Ingila, injiniyoyi suka kwance ta gunduwa gunduwa don su san sirrinta. A 1951 aka ba gidan tarihi na Bobinton. Ta yi shekaru kusan 40 a tsaye. A 1990 aka fara gyaranta. Injinta na asali an riga an yanka shi don koyarwa, sai aka ciro na wata tankar Jamus aka sa mata. Aiki ya ci shekara 13. A 2003 ta sake tafiya da ƙafarta. Mai haƙuri yakan dafa dutse.

Da aka tashi ɗaukar fim mai suna Fury a Ingila, wanda ya fito a 2014, sai mai shirya shi, David Ayer, ya nemi aron ta. A lokacin, duk duniya ita kaɗai ce Tiger irin tata da ke iya tafiya. Gidan tarihi ya yarda, amma ma'aikatansa suka bi ta, suna lura da ita. Wuraren da ke da haɗari kuwa, wata ta kwaikwayo aka yi amfani da ita. Sherman ɗin da ɗan wasa Brad Pitt yake ciki, ita ma daga gidan nan aka aro ta.

Ke nan samarin nan masu gardama, duka biyu sun faɗi gaskiya. Cikin fim guda ana iya ganin ta gaske da ta kwaikwayo.

Abin da fim ba ya nunawa

In an gama ɗaukar fim, wanda aka ga ya faɗi matacce yakan tashi ya kakkaɓe rigarsa, ya karɓi ladansa. A yaƙin gaske ba haka ba ne. Tankar da ta kama wuta takan zama tanda, na ciki su ƙone. Yaƙin Duniya na Biyu ya ci rayuka fiye da miliyan 50, mafi yawansu talakawa ne da ba su riƙe bindiga ba.

Akwai kuma mutanen da ba a cika ganin su a fim ba. Cikin watannin da aka kama Tiger 131, sojojin Janar Leclerc na Faransa suna faɗa a Tunisiya. Daga Cadi suka taso, suka ƙetare hamada, kuma mafi yawansu ƴan Afirka ne baƙar fata. Amma da aka ba rundunar tankokin Sherman a 1943, sai aka ware baƙaƙen sojoji aka mai da su waɗansu rundunoni. Da rundunar ta shiga birnin Paris a watan Agusta 1944, ba su cikinta.

Saboda haka, jama'a, kallon fim ba laifi ba ne, amma a yi shi da hankali. A riƙa tambaya: wannan a wace shekara ya faru, a wace ƙasa, su wa aka bari a baya? Wanda ya iya karatu yana da hanyar bincike. Ya karanta, ya tambayi malamin yaƙi da jahilci, ya kuma karanta wa na kusa da shi da bai iya ba tukuna.