Suna Linzami Ne: Raɗa Wa Taron Kiɗan Fada Suna

Daɗaɗɗun waƙoƙin fada na ƙasar Zamfara dukiya ce wadda ba a ajiye ta a baitulmali ba, a bakin mutane ta ke. Yanzu kuwa masu bakin sun ƙaranta. Salihu Jankiɗi ya rasu a 1973, Musa Ɗanƙwairo a 1991, Mamman Shata na Katsina kuma a 1999. Sabo da haka duk malamin makaranta ko ma'aikacin ofishin masarauta da ya yi niyyar tara jama'a a Ƙauran Namoda, ko Shinkafi, ko Zurmi, don a saurari waɗannan waƙoƙi, ya ɗauko aiki nagari. Amma tun kafin a kafa rumfa akwai wata matsala da kan sha masa kai, watau sunan da za a rubuta a takardar gayyata. In sunan ya yi sanyi, samari ba su zo ba. In ya yi rawar kai, dattawa su noƙe.

Bari mu fara duba yadda waƙoƙin kansu su ka sami sunayensu. Makaɗin fada ba ya zama ya raɗa wa waƙarsa suna. Jama'a ke raɗawa, ko dai su kira ta da amshinta, wanda masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ke ce wa gindin waƙa, ko kuwa da sunan wanda aka yi wa ita. Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Ahmadu, ya yi waƙar doki wadda kowa ya sani da sunan dokin, Ɗanhilinge. Ya kuma yi Bakandamiya, kalma ɗaya tak, amma ta yi ƙarfi har ta zama sunan kowace waƙa da makaɗi ya fi ji da ita. Shata ma ya yi tasa. Abin lura a nan shi ne, sunan da ya zauna gajere ne, kuma daga cikin waƙar ya fito.

A ƙasashen Turai ma haka abin ya ke. Bethoben, shahararren makaɗin nan Bajamushe, ya tsara wani kiɗan fiyano a 1801, bai kira shi Farin Wata ba. Sai bayan rasuwarsa a 1827 wani marubuci mai suna Rellstab ya kamanta kiɗan da hasken wata a kan wani tafki na ƙasar Suwizalan, sunan ya bi shi har yau. A birnin Landan kuma tun 1895 a ke wani taron kiɗa na shekara-shekara da a ke kira Proms, daga kalmar da ke nufin yawon shan iska, domin masu tikitin araha a tsaye su kan saurara. Sunan ya gaya wa talaka cewa da shi a ke yi.

To, ga shawarwarinmu guda huɗu.

Na farko, sunan ya faɗi jigon taron, ya kuma faɗi gaskiya. In waƙoƙin dawaki za a yi, a ambaci doki. In na noma ne, a ambaci garma ko damina. Kada a rubuta Daren Kotso sa'an nan a kawo kalangu, domin kotso da taushi kayan fada ne, kalangu kuwa an fi saninsa wajen mahauta da 'yan dambe. Mutumin Badarawa ko na Moriki ba a ruɗa shi a kan wannan.

Na biyu, a yi hattara da sarauta. Ƙauran Namoda na da Sarkin Kiyawa, Zurmi na da Sarkin Zamfara, kowace fada da kirarinta da tarihinta. Wanda ya ɗauki kirarin fada ɗaya ya sa wa taron da ya gayyato garuruwa uku, ya raba kan jama'a tun ba su zauna ba. Haka kuma kada a ciro suna daga ɗiyan zambo, domin wanda aka yi wa zambon ya bar jikoki, watakila su na cikin waɗanda aka gayyata.

Na uku, sunan ya zama na baka. A yankin nan labari ya fi yaɗuwa ta bakin sanƙira, da rediyo, da wayar hannu, da taron kasuwar Shinkafi, a kan takarda. Kalma biyu ko uku sun isa. A gwada shi a bakin yaro ɗan firamare: in ya maimaita shi gobe ba tuntuɓe, ya yi.

Na huɗu, a bar dogon bayani ya sauka layi na biyu. A sama a sa gajeren suna, kamar a ce Amon Kotso, a ƙasa a rubuta cewa waƙoƙin Narambaɗa ne da na Sa'idu Faru, da wuri, da rana, da sa'a. Na sama ya jawo kunne, na ƙasa ya cika alkawari.

Mun sani rashin tsaro ya sa taron jama'a ya yi wuya a arewacin Jihar Zamfara cikin shekarun nan. Wannan ma dalili ne na kada a yi wasa da ɗan zarafin da aka samu. Yaron da suna ya jawo shi ya zauna sa'a guda ya ji kotso, ya koyi Hausar da ba ta cikin littafin aji, ya ji sunayen Alƙalawa da Namoda, wanda garin Ƙaura ya ci sunansa. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a ke gane ta. Malamai, sai a zauna a yi shawara da dattawan makaɗa kafin a kai takarda wurin bugawa. Allah ya ba da sa'a, amin.