Shin Ko Kun San? 'Yar Tashar Rainhill da Gasar Jiragen Ƙasa

Shin ko kun san cewa tsakanin Liverpool da Manchester a Ingila akwai wata 'yar tasha mai suna Rainhill, mai dandamali biyu kacal? Ma'aikata da 'yan makaranta ne ke hawa da safe su sauka da yamma, jirgi mai gaggawa kuwa wucewa yake yi. To a nan ne, a watan Oktoban 1829, aka raba gardama kan abin da zai riƙa jan jirgin ƙasa.

Shin ko kun san masu kamfanin layin Liverpool zuwa Manchester ba su da baki ɗaya? Wasu cewa suka yi a kakkafa manyan injuna a gefen hanya, su riƙa janyo taragu da igiya kamar ana jan guga daga rijiya. Wasu suka ce kan jirgi mai tafiya da kansa ya fi. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai aka sa gasa, aka ajiye fam 500 ga wanda ya ci. An zaɓi Rainhill ne saboda layin wurin a miƙe yake, ba hawa ba gangara.

Sharuɗɗan ba na wasa ba ne: kan jirgi ya ja nauyin da ya ninka nasa sau uku, kada gudunsa ya gaza mil 10 a awa, ya yi ta kai-komo a ɗan gajeren layi har ya cika mil 70. Kuma wai sai ya cinye hayaƙinsa, shi ya sa suka ƙona gasasshen kwal maimakon ɗanye.

Shin ko kun san ɗaya daga cikin biyar ɗin da suka fito fage doki ne injinsa? Cycloped sunansa. Dokin yana tsaye a kan abin yana taka wani faifai mai juyawa, faifan yana juya ƙafafun. Bai kai ko'ina ba. Perseverance ya lalace tun a hanyar kawo shi, da aka gyara ma mil 6 kawai ya yi a awa, aka ba mai shi fam 25 na rarrashi. Novelty ne ɗan lelen 'yan kallo, ga kyau ga sauri, amma ya yi ta lalacewa har ya fita. Shi kuwa Sans Pareil na Timothy Hackworth silindarsa ce ta tsage, kuma a masana'antar abokin gasarsa Robert Stephenson aka zuba ta. Ku dai ku yi tunanin irin maganganun da suka biyo baya.

Rocket na George Stephenson da ɗansa Robert shi kaɗai ya kammala, har ya taɓa kusan mil 30 a awa. Sirrin yana cikin tukunyarsa. Maimakon babban bututu guda, an ratsa ruwan da ƙananan bututun tagulla 25, zafin wuta na bi ta cikinsu, ruwa na tafasa nan da nan. Tururin da ya gama aiki kuma ana tura shi ta bututun hayaƙi, yana zuƙo iska yana hura wutar. Shawarar ƙananan bututun ta Henry Booth ce, ma'ajin kamfanin, mutumin da ba kasafai ake tunawa da shi ba, alhali ya cancanci a ambace shi tare da su Stephenson.

Shin ko kun san ranar da aka buɗe layin, 15 ga Satumban 1830, ta ƙare da makoki? William Huskisson, ɗan majalisa mai wakiltar Liverpool, ya sauka daga jirgi a Parkside don gaisawa da Firaminista Wellington, sai Rocket ya taho ta ɗaya layin ya take masa ƙafa. A daren ya cika.

Gadar dutsen da ke bakin tashar Rainhill ma tun zamanin ce. A karkace ta haye layin, don kada a lanƙwasa tsohuwar hanyar Warrington, kuma har yau motoci na bi ta kanta, jiragen lantarki na wucewa ta ƙarƙashi tun 2015.

John Ericsson, ɗan Sweden da ya ƙera Novelty tare da John Braithwaite, bai karaya ba: ya koma Amurka ya tsara jirgin ruwan yaƙin nan mai sulke, Monitor, da ya shiga yaƙin basasar ƙasar a 1862.

Shin ko kun san mu ma abin ya iso mu? Tsohon layin Legas zuwa Kano faɗinsa milimita 1,067 ne. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa milimita 1,435 ne, wato awon Stephenson, daidai da na dogon da ya ratsa Rainhill.