Yadda ikilisiya ta kafu a ƙasar Maraɗi

Mishan ɗin SIM ya sauka Damagaram a 1924, daga baya ya kafa tasha a Tsibiri, kusa da Maraɗi. Turawan sun zo da wa'azi cikin Hausa, da makaranta, da magani. Asibitin kutare na Danja ya buɗe a 1956. Bayan samun 'yancin kai, jagoranci ya koma hannun 'yan ƙasa ƙarƙashin ikilisiyar EERN, amma kuɗi ya daɗe a hannun baƙi, abin da ya jawo saɓani.

Kiristoci tsiraru ne a yankunan ƙasar Maraɗi irin su Tasawa da Mayahi. Duk da haka, dabarar barin tohon itace lokacin sassabe, ɗan mishan Tony Rinaudo ne ya yaɗa ta tun 1983.