Darasi Daga Kirarin Maharbi

Jama'a, kun san kirarin maharba. Kafin a shiga daji, maharbi yakan tsaya gaban taro ya faɗi ko shi wane ne, da irin namun da ya taɓa kashewa. Amma abokan farautarsa suna wurin suna ji. In ya ƙara gishiri, nan take za a gane.

Ku tuna marigayi Alhaji Ali Kwara na Azare, a Jihar Bauchi, wanda ya rasu a 2020. Maharbi ne da ya shahara wajen kama 'yan fashi. Sunansa ya kai ko'ina domin mutane sun ga aikinsa.

Yau dandalin kirari ya shiga wayar hannu. Manomi, da tela, da mai ƙuli-ƙuli, kowa yana iya tallar sana'arsa ta WhatsApp ko Facebook. To, ga darasi uku daga maharbi.

Na ɗaya, a san ka da abu guda. In irin wake kake sayarwa, bari a riƙa kiranka mai irin wake.

Na biyu, faɗi abin da za ka iya kawai. In ka ce buhunka ba tsakuwa, to kada a sami ko ɗaya.

Na uku, yi tunani kafin ka aika saƙo. Maharbi ba ya sakin kibiya cikin fushi. Saƙon zagi guda yana iya korar masu cinikinka na shekara goma.

Suna jari ne. A kula da shi.